Kwana 17 na Farko: Maiƙon Abinci da Kamuwar Ciki a Jikin Saniya



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne dangantakar da ke tsakanin maiƙon da saniya take samu a abincinta da kamuwar cikinta. Mun san wasu za su ce, ina ruwan mai karatun shari'a ko tarihi da abin da ke gudana a mahaifar saniya? To, amma da wuya a sami mutum a ɗakin nan wanda gidansu ba su da ko da saniya ɗaya a hannun Fulani, ko kuwa wanda ba shi da niyyar in ya fara ɗaukar albashi ya sayi karsana ya ba da kiwo. Wasunmu kuma gobe su ne ma'aikatan gona da na dabbobi, waɗanda makiyayi zai tsaya a gabansu ya tambayi dalilin da ya sa saniyarsa ta ƙi ɗaukar ciki. Ya kamata a ran nan a sami amsar da ta fi "sai haƙuri".

Saniya mai lafiya wadda ba ta da ciki takan nemi sa kowane kwana 21, ko da yake wata takan yi 18, wata kuma ta kai 24. Sau da yawa sa yakan hau ta, a zuba ido, bayan mako uku sai a ga ta sake nema. Makiyayi ya ce ba ta kama ba. In ta maimaita haka sau uku ko huɗu sai a soma kiranta juya, daga nan kuma hanyar kasuwa ta buɗe, ta ƙare a hannun mahauta. Alhali kuwa masana da suka bi diddigin al'amarin, musamman a ƙasar Ailan, sun tarar cewa in an yi barbara a kan kari da sa mai lafiya, wajen sau 9 cikin 10 maniyyi yakan haɗu da ƙwai, tayi kuma ya samu. Yawancin hasarar tana aukuwa ne daga baya, tsakanin rana ta 8 da ta 16. Watau saniyar ta kama, tayin ne ya mutu tun kafin uwarsa ta san da shi. Ba a ganin jini, ba a ganin ɓari, domin a makon farko girmansa bai fi ƙwayar rairayi ba.

Kafin mu zo kan maiƙo tilas ne mu fahimci dalilin da ya sa waɗannan 'yan kwanaki suke da haɗari haka. Sa'ad da ƙwai ya fito daga gidansa, gurbin da ya bari yakan cike ya zama wani ƙululu mai ruwan ɗorawa, wanda likitocin dabbobi suke kira kwafus lutiyam da Latinanci, mu kuwa za mu riƙa ce masa rawayan ƙululu. Aikinsa shi ne ya zuba wani sinadari mai suna furojestaron a cikin jini. Wannan sinadari shi ne mai riƙe ciki. Shi ke sa mahaifa ta natsu, ta tsattsafo da ruwan da tayi yake sha kafin ya manne, shi ne kuma yake hana saniya neman sa. Muddin ƙululun nan yana raye ciki yana nan, ran da ya mace ciki ya tafi.

Ita kuwa mahaifa tana da nata lissafin. In ta kai wajen rana ta 16 zuwa ta 17 ba ta ji ɗuriyar tayi ba, sai ta ɗauka barbarar ta faɗi, ta soma sakin wani sinadari dabam, furostagilandin, kashi-kashi, wanda yake bi ta jini ya kashe rawayan ƙululu domin a sake sabon zagaye. A 1972 ne John McCracken da abokan aikinsa suka tabbatar da haka a jikin tumaki, daga baya aka ga haka abin yake ga shanu. 'Yan'uwanmu masu karatun likitan dabbobi sun san sinadarin nan sarai, domin shi ne ke cikin allurar da ake yi wa shanu don su nemi sa a lokaci ɗaya, kuma sun san in aka kuskura aka yi wa mai ƙaramin ciki, sai ta zubar.

To, ga halin da tayi yake ciki. Yana isowa mahaifa a rana ta 4 ko ta 5. A ta 7 ya zama 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki, a ta 9 ko ta 10 ya fasa ɓawonsa. Daga rana ta 12 ko ta 13 sai ya shiga miƙewa da sauri mai ban mamaki, har ya zama kamar zare, ta yadda kafin rana ta 17 tsawonsa yakan kai taƙi ko ya wuce. Yana miƙewar ne yana fitar da nasa sinadarin, wanda yake toshe wa mahaifa kunne ga barin jin umarnin sakin furostagilandin. Fuller Bazer da Michael Roberts da James Godkin ne suka ware shi daga tayin tumaki a Jami'ar Fulorida ta Amurka a 1982, a 1987 kuma aka gane ashe ɗan gidan intafaron ne, watau dangin sinadaran da jiki yake yaƙar ƙwayoyin bairos da su. Yanzu ana kiransa intafaron-tau. Waɗanda suka soma aikin gwamnati a cikinmu za su gane misalin da sauƙi: an riga an buga takardar sallamar rawayan ƙululu, tana kan tebur tana jiran sa hannu a rana ta 17, sai fa in wasiƙar tayi ta riga isowa. Tayin da ya yi nawar girma, wasiƙarsa takan zo a makare ko ta zo da rauni, a sa hannu, ya mutu ba don yana da wani aibi ba, sai don ya makara da kwana ɗaya ko biyu.

A nan ne maiƙo ya shigo, domin shi furostagilandin ɗin nan da maiƙo ake ƙera shi. Kowane mai ko kitse haɗuwa ce ta wasu sinadarai masu kama da sarƙa, waɗanda za mu kira sinadaran maiƙo. Wasunsu cikakku ne, sarƙarsu miƙaƙƙiya, su ne suke sa kitsen rago da man shanu su daskare da hunturu. Wasu kuwa sarƙarsu tana da lanƙwasa wuri biyu ko fiye, su ne suke sa man waken soya ya zauna ruwa-ruwa ko da ana sanyi. A 1929 da 1930 wani miji da matarsa, George da Mildred Burr, suka nuna a Jami'ar Minesota cewa akwai irin waɗannan masu lanƙwasa da jikin dabba ba ya iya yi da kansa, tilas sai daga abinci. Gida biyu ne. Na farko ana ce masa omega-6, uban gidan kuwa shi ne linoliyik, wanda ya cika a man angurya da na waken soya da na masara. Na biyu omega-3, uban gidansa linolenik, wanda yake cikin ɗanyar ciyawa da irin wani tsiro na ƙasashen sanyi mai suna filakis, manyan 'ya'yan gidan kuma suna cikin man kifi. Sunayen nan biyu sun yi kama ƙwarai, har ɗalibai sukan rikita su a jarrabawa, saboda haka za mu tsaya ga lambobin, 6 da 3.

Jikin saniya yakan ɗauki omega-6 ya ƙara masa tsawo ya mai da shi arakidonik, ya ajiye a bangon mahaifa. Daga wannan ajiya ake yanko furostagilandin ran da aka bukace shi. Abin dariya, sunan arakidonik daga sunan gyaɗa na Latinanci ya samo asali, alhali babu shi a man gyaɗa. Shi kuwa omega-3 hanya ɗaya suke bi da ɗan'uwansa, maƙera ɗaya suke zuwa. In ya yi yawa a jini sai ya tare wa omega-6 wuri a bangon mahaifa, ya kuma tare masa layi a maƙerar, abin da ake ƙerawa da shi kuma furostagilandin ne mai rauni, wanda ba ya iya kashe rawayan ƙululu da sauƙi. Daga nan ne dabara ta faɗo wa masana, musamman William Thatcher da Charles Staples na Jami'ar Fulorida, a shekarun 1990: in aka ƙara wa saniya omega-3 a lokacin barbara, muryar mahaifa za ta yi ƙasa, tayi mai nawa kuma ya sami 'yar rata ya ƙarasa saƙonsa. Suka ba shanun madara garin kifi da man kifi, suka auna jininsu, suka ga lalle furostagilandin ɗin da mahaifa take saki ya ragu.

Wani gwaji da aka buga a 2006 daga lardin Albata na ƙasar Kanada ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. An raba shanun madara kashi biyu, aka ba waɗansu irin filakis mai omega-3, waɗansu kuma irin furen nan mai bin rana, wanda omega-6 ya cika shi. A cikin waɗanda suka kama ciki, wajen kashi 10 cikin 100 ne suka yi hasararsa a rukunin filakis, a ɗaya rukunin kuwa wajen kashi 27. Da a ce nan labarin ya tsaya, da mun ce omega-3 aboki ne, omega-6 abokin gaba, mu nannaɗe takardunmu mu tafi cin abinci.

Amma fa bai tsaya nan ba, kuma abin da ya biyo baya ya fi shafarmu. Shanun Amurka da Kanada da aka yi waɗancan gwaje-gwaje a kansu Holstin ne, manyan shanun madara marasa tozo, waɗanda ake ɗura wa hatsi. A ƙasar Birazil kuwa yawancin shanun nama Nelori ne, masu tozo kamar namu, asalinsu daga Indiya, kuma a makiyaya suke rayuwa cikin zafi. A 2009 masana na can suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan ɗaruruwan Nelori masu shayarwa. Kowace saniya a rukuni ɗaya an riƙa ƙara mata giram 100 kacal a rana na wani maiƙo da aka sarrafa daga man waken soya, har zuwa kwana 28 bayan barbara. Wajen kashi 51 cikin 100 suka kama ciki, a rukunin da ba a ba maiƙon ba kuwa wajen kashi 40. Man waken soya kuwa fiye da rabinsa omega-6 ne, watau wanda muka gama zargi yanzun nan.

Yaya aka yi haka? Amsar ita ce, mun zuba wa mahaifa ido mun manta da shi kansa tayin. Abin da zai tashi daga ƙwayar rairayi ya kai taƙi cikin kwana 10 yana bukatar kayan gini, kuma bangon kowace ƙwayar halittarsa da maiƙo ake yin sa. Har ila yau, an gano shi ma tayin yana ƙera nasa furostagilandin, mai taimaka masa wajen miƙewa da shirya wurin da zai manne, in aka hana shi yi kuwa sai girmansa ya tsaya. Gwajin da aka sake yi a kan shanu masu tozo, wanda aka buga a 2016, ya nuna tayin shanun da aka ba wancan maiƙon waken soya ya fi himmar haɗa intafaron-tau a rana ta 15. Daɗin daɗawa, furojestaron mai riƙe ciki daga kolestarol ake yin sa, kolestarol kuma yakan ƙaru a jinin saniya in aka ƙara mata maiƙo ko wane iri ne. Ashe hanya biyu ce ta cin tseren: ko a rage wa mahaifa murya, ko a ƙara wa tayi sauri.

Sa'an nan akwai maganar lokaci. Furostagilandin ɗin da muke gudu a rana ta 17, shi muke nema ido rufe a makonnin farko bayan haihuwa, domin yana cikin abin da ke taimakon mahaifa ta fid da mabiyiya, ta tsabtace, ta koma girmanta. Saboda haka a wani babban gwaji a Fulorida, wanda aka buga a 2011 a kan shanu fiye da 1,000, aka jera abin bi da bi: mai omega-6 daga wata ɗaya kafin haihuwa zuwa wata ɗaya bayanta, sa'an nan man kifi a lokacin barbara. Shanun da suka sami man kifi sun fi ƙarancin hasarar ciki, waɗanda kuma suka bi jerin nan duka biyu su suka fi kamawa a barbara ta biyu. A 2015 wasu masana a Ostareliya suka tattara gwaje-gwaje 17 suka auna su tare, suka ga ƙarin maiƙo yana ɗaga yiwuwar kamuwar ciki da wajen kashi 27 cikin 100 bisa jimla. Sai dai a cikin gwaje-gwajen akwai waɗanda ba a ga wani bambanci ba ko kaɗan. Muna faɗin wannan ne domin ran da ɗan kasuwa zai shigo ofishin ɗayanmu da buhu mai hoton saniya da maraƙi, yana rantsuwa cewa kowace ta ci za ta haihu, a san abin da za a tambaye shi.

Akwai kuma wani shinge da ya sa maganar saniya ta bambanta da ta mutum ko ta kaza, shi ne tumbi. In mutum ya sha man kifi, omega-3 ɗin yana isa hanjinsa yadda yake. Saniya kuwa duk abin da ta haɗiya sai ya fara zama a tumbi, inda ƙwayoyin halitta marasa adadi suke narkar mata da ciyawa. Su waɗannan ƙwayoyi maiƙo mai lanƙwasa guba ne a gare su, don haka da ya shigo sai su miƙe masa sarƙa, su mai da shi cikakke irin mai daskarewa. Kashi 70 zuwa 95 cikin 100 na omega-6 haka yake ƙarewa, na omega-3 ma ya fi haka. Wannan ne dalilin da ya sa saniya take cin ɗanyar ciyawa amma kitsenta ya fito da tauri. 'Yan ragowar da suka tsira su ne jikinta yake tattalinsu, ya kai su inda aka fi bukata.

Hanyar da aka fi bi wajen tsallake tumbi ita ce wadda Donald Palmquist da Thomas Jenkins suka fito da ita a Jami'ar Jihar Ohayo a farkon shekarun 1980. Sun haɗa sinadaran maiƙo da kalsiyam suka zama wani irin sabulu busasshe. Duk wanda ya ga yadda iyayenmu mata suke haɗa mai da ruwan toka su yi sabulun salo ya riga ya san tushen dabarar. Wannan sabulu ba ya narkewa sosai a tumbi, sai ya gangara ɗaki na huɗu na cikin saniya, inda tsami yake da ƙarfi, a can ya warware, hanji ya tsotse. Irinsa ne aka ba Nelorin Birazil. Ƙwayar iri da ba a niƙa ba, kamar angurya ko gasasshen waken soya, ita ma tana ba da 'yar kariya, domin manta a hankali yake fita. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mutum ya ji wannan lacca ya koma gida ya tuttula man gyaɗa ko manja a cikin dusa. Abincin saniya na yau da kullum maiƙonsa bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ba, in aka haura 6 ko 7 sai ƙwayoyin tumbi su raunana, ciyawa ta ƙi narkewa, saniya ta rage ci, a je neman ƙiba a samo rama.

Yanzu bari mu dawo gida. A shekarun 1980 cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, wadda daga baya ta narke cikin ILRI, ta bi garken Fulani mazauna kudancin Jihar Kaduna shekara da shekaru tana rubuta haihuwarsu. Abin da ta samu game da Bunaji shi ne, karsana takan kai wajen shekara 5 kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma wajen wata 25. Mu yi lissafi. Saniyar da ta fara a shekara 5 tana haihuwa bayan shekara bibbiyu, in ta kai 13 ta ba da maruƙa 5. Da za ta fara a shekara 4 tana haihuwa kowane wata 15, da 8 za ta bayar. Maruƙa ukun nan da nonon da ke biye da su, su ne kuɗin makarantar yaro, su ne sadakin saurayi.

Gaskiya ɗaya ce, mafi yawan wannan jinkiri ba mutuwar tayi ce take kawo shi ba. Yunwa ce. Saniyar da ta haihu da rani, tana shayarwa, tana cin busasshiyar ciyawa wadda abin gina jikinta ya faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, ba ta ma neman sa sam, wani lokaci har wata da watanni. Wadda ba ta nemi sa ba kuwa, maganar rana ta 17 ba ta taso ba. Duk wanda ya ce zai gyara haihuwar Bunaji da giram 100 na maiƙo alhali haƙarƙarinta a waje, ya ɗora rufi ne ba a yi gini ba.

Amma ita yunwar ma tana da nata labarin maiƙo, kuma a ganinmu shi ya fi kome muhimmanci ga shanunmu. Sa'ad da abinci ya gaza, saniya takan juya ga kitsen jikinta da na tozonta ta riƙa narkarwa. Sinadaran maiƙon da suke kwarara cikin jini a wannan hali yawancinsu cikakku ne, irin masu daskarewa, kuma suna ratsawa har cikin ruwan da ƙwai yake kwance a ciki. Masana a ƙasar Beljiyam sun nuna a 2005 cewa ƙwan da ya nuna a cikin irin wannan ruwa yakan fito da rauni, tayin da aka samu daga gare shi ma haka. Ƙwai kuwa ba dare ɗaya yake nuna ba, yakan ɗauki wata biyu zuwa uku yana girma a gidansa. Ma'anar wannan ita ce, ƙwan da saniya za ta saki a watan Yuni, bayan ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro, a cikin yunwar Maris da Afrilu ya yi girmansa. Shi ya sa sau da yawa akan ga saniya ta murmure da farkon damina, ta nemi sa, a hau ta, amma ta dawo, sai a karo na biyu ko na uku ta riƙe.

Abin da ya fi arha a cikin duk magungunan nan shi ne ɗanyar ciyawa. Maiƙonta kaɗan ne, amma a lokacin da take ƙarama omega-3 ne ya fi yawa a cikinsa, kuma saniya tana cinta da yawa, ta yadda ko bayan ɓarnar tumbi akwai abin da yake isa jini. Ciyawa tana tsufa yana raguwa, in ta bushe a tsaye rana ta dake ta kuwa sai ya kusa ƙarewa. Haka karotin, sinadarin da ke cikin koren ganye, wanda shi ne ma yake ba rawayan ƙululu launinsa. Saboda haka harawar gyaɗa ko ta wake da aka ɗebe da sauran korenta, aka ɗaure aka ajiye a inuwa ko a rumfa, ta fi wadda aka bari a kan rufi ko a reshen bishiya rana ta mai da ita fara fat. Kyasuwa da gamba da aka yanka kafin su yi kai su ma haka. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa shanu sun fi kamawa in damina ta zauna, da kuma lokacin kaka in sun shiga gonaki. Ilmin zamani bayanin dalili kawai ya ƙara musu.

Bayan ciyawa sai abin da ƙasarmu take nomawa. Angurya, wadda ake samu a wuraren auduga irin su Funtuwa da Gusau da Gwambe, wajen kashi 20 cikin 100 nata mai ne, fiye da rabin man kuma omega-6, ga abin gina jiki mai yawa. Watau tana maganin yunwa tana kuma ba da maiƙo a lokaci guda. In an matse ta a injin, ƙulin da ya rage man da ke cikinsa kaɗan ne, amma abin gina jikin yana nan. Sai dai angurya tana ɗauke da wata guba mai suna gosifol. Tumbin babbar saniya yana iya ɗaure mafi yawanta in ba a wuce kima ba, kimar da aka saba bayarwa kuwa ita ce kada ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyin dabbar a rana, watau wajen kilo ɗaya da rabi ga Bunaji mai kilo 300. In aka zarce, gubar tana taɓa tayin da ake son a ceta. Ƙananan maruƙa da tumbinsu bai ƙosa ba tana iya kashe su, bijimin garke kuma tana lalata masa maniyyi, saboda haka kada a haɗa shi kwano ɗaya da matan. Waken soya ya fi ta lafiya ta wannan fuska, yana kuma da ɗan omega-3 a kan omega-6 ɗinsa, musamman in an gasa shi, sai dai mutane da kaji suna takara da saniya a kansa, kuɗinsa kuma ya nuna haka. Ƙuli-ƙuli da tunkuza suna da amfani, amma wanda ya yi funfuna a zubar da shi, domin gubar funfunar tana ratsawa har cikin nono.

Tun da abin hannun makiyayi kaɗan ne, tambayar ita ce wa za a ba, kuma yaushe. In aka watsa buhu biyu na angurya ga garke duka, kowa ya lasa, ba wanda ya amfana. In aka ware shanun da suka haihu da rani suna shayarwa, aka tallafe su a watanni biyu na ƙarshen rani don kada su narkar da jikinsu, aka kuma ci gaba har mako huɗu bayan sa ya hau su, to an sa abincin daidai inda ƙwai yake girma da inda tayi yake tsere. A makonnin nan huɗu kuma ya kyautu a rage musu doguwar tafiya da yinin rana ba inuwa, gama zafi mai tsanani shi ma yana rage wa tayi saurin girma.

Dole kuma a rarrabe wannan matsala da cututtuka. Bakkale yakan sa ɓari ne in ciki ya tsufa, daga wata na biyar zuwa sama, a ga maraƙin a ƙasa. Sammore yakan ramar da saniya har ta daina nema. Waɗannan aikin likita ne, maiƙo ba ya yi musu kome. Abin da zai taimaki likitan, ya taimaki mai shanun, shi ne ƙidayar kwanaki. Saniyar da ta dawo neman sa tsakanin kwana 18 da 24 bayan barbara, ko dai ƙwai bai haɗu da maniyyi ba, ko tayin ya mutu kafin saƙonsa ya isa, a nan sai a duba bijimin, a duba jikinta da abin da take ci. Wadda kuwa ta wuce kwana 25, ta kai 30 ko 40 sa'an nan ta dawo, alama ce saƙon ya isa, rawayan ƙululu ya tsira, tayin ya mutu daga baya, ko kuma ta nema a tsakani ba wanda ya lura. Wannan ƙidaya ba ta bukatar na'ura. Littafin rubutu ɗaya na 'yan firamare ya isa garke guda, a rubuta sunan saniya, da ranar da ta haihu, da ranar da aka hau ta, da ranar da ta dawo. Makiyayi ya san kowace saniyarsa da suna, ya san uwarta da kakarta, kwanan wata ne kaɗai yake kuɓuce masa, shi kuwa ɗalibin da ya je hutu gida yana iya rubuta masa.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.